Cutar rarrabuwar ɗabi'a: Yadda likitoci ke gano ta da yadda ake jinyarta

Cutar rarrabuwar ɗabi'a, wadda likitoci ke kira DID a taƙaice, lalurar ƙwaƙwalwa ce da ke sa mutum ɗaya ya riƙa sauyawa tsakanin ɗabi'u biyu ko fiye, kowace da muryarta da halinta, wani lokaci har da sunanta. Idan ya dawo hayyacinsa, sai ya kasa tuna abin da ya faɗa ko ya aikata. Masana da dama na danganta ta da cin zarafi mai tsanani da mutum ya sha fama da shi yana ƙarami.

A shekarar 1994 ne Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta raɗa mata wannan suna. A kundinta na 2013 ta ƙara da cewa lalurar na iya bayyana tamkar shigar aljanu, amma ta ware abin da al'umma ta yarda da shi a matsayin al'ada ko addini. Wato hawan bori shi kaɗai bai isa hujja ba.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da cutar. Likita kan dogara ne da doguwar tattaunawa, ya fara tantancewa da wasu tambayoyi 28 da ake kira DES, sannan ya tabbatar ba farfaɗiya ba ce, ba kuma shaye-shaye ba. Da yake masu ita kan ji muryoyi, sau da yawa ana ruɗa ta da sikizofireniya, a shafe shekaru ana ba su maganin da ba nasu ba. Kuskuren na iya cin rai: kundin ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na masu zuwa asibiti da ita sun taɓa yunƙurin kashe kansu.

Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Magani na rage baƙin ciki da fargabar da ke tattare da ita ne kawai. Jinyar ta tattaunawa ce, a matakai uku: samar wa majinyaci tsaro da natsuwa, tunkarar abin da ya faru da shi sannu a hankali, sannan haɗa kan ɗabi'un domin ya koma harkokinsa.

Wasu likitocin na gargaɗin cewa tambayoyin da ke cusa wa majinyaci amsa na iya haifar da alamomin, shi ya sa ake buƙatar ƙwararre. A Arewacin Najeriya, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato.