Havura da majami'u masu buɗe ƙofa a tarihin Yahudawan Amurka

Havura suna ne da Yahudawan Amurka suke kiran ƙaramar jama'a da ke haɗuwa don ibada da karatu da bikin idi ba tare da dogaro ga babbar majami'a ko malami mai albashi ba. Irin waɗannan jama'o'i sun bayyana a shekarun 1960, kuma sun taka rawa babba wajen sauya amsar wata tambaya da ta daɗe tana damun Yahudawan ƙasar: wa ake lissafawa a cikin jama'a? A shari'ar Yahudanci akwai addu'o'in da ba a yin su, kuma ba a buɗe Attaura a karanta wa taro, sai an cika mutum 10, abin da suke kira minyan, kamar yadda a mazhabar Malikiyya Juma'a ba ta tsayuwa sai da mutum 12. Ƙarnuka da dama, goman nan maza ne baligai. Mace na iya zuwa ta saurara daga bene ko daga bayan labule, amma ko da mata sun cika ɗakin, muddin maza tara ne, jama'a ba ta cika ba.

Kujera da kuɗi

Kafin a kai ga batun mata, sai da aka fara da batun talaka. Yahudawa masu kiyaye addini ba sa taɓa kuɗi ranar Asabar, saboda haka ba a zagayawa da farantin baiko a majami'a. A ƙarni na 19 majami'un Amurka suna samun abin tafiyar da kansu ne ta hanyar sayar da kujeru ko ba da hayarsu. Mai hali ya zauna gaba, marar hali ya raɓe a baya. A 1851 wata majami'a a garin Albany, ƙarƙashin Rabbi Isaac Mayer Wise, ta sayi ginin wani coci, ta bar bencinan yadda ta same su, iyali suka riƙa zama tare, miji da mata da 'ya'ya. Daga nan zaman haɗaka ya fara yaɗuwa a tsakanin masu ra'ayin gyara da ake kira Reform.

A 1907 wani malami dabam, Stephen Wise, ya kafa Free Synagogue a New York, bayan ya ƙi karɓar aiki a majami'ar attajirai ta Emanu-El saboda an gaya masa wa'azinsa zai kasance ƙarƙashin ikon kwamitin amintattu. A tasa majami'ar ya soke sayar da kujera, kowa ya zauna inda ya samu, kowa ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, ya kuma buɗe sashen taimakon marasa lafiya da matalauta a cikin aikin majami'ar kanta. A watan Maris na 1922 kuma, Rabbi Mordecai Kaplan ya tsayar da 'yarsa Judith, mai shekara 12, ta yi karatu a gaban jama'a, a bikin balaga irin wanda a da yara maza kaɗai ake yi wa. Ko a ranar ba a bar ta ta karanta daga naɗaɗɗiyar Attaura ta fata ba, daga bugaggen littafi ta karanta. Ya kamata a ambaci Regina Jonas a nan, ko da yake ba a Amurka ta rayu ba: ita ce mace ta farko da aka naɗa rabbi, a Jamus a 1935, kuma 'yan Nazi suka kashe ta a Auschwitz a 1944. An yi shekaru kusan hamsin da ƙyar ake jin sunanta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Yahudawa da yawa sun samu wadata, suka fita unguwannin bayan gari, suka gina manyan majami'u. Wasu malamansu sun shiga gwagwarmayar 'yancin baƙar fata da gaske: Joachim Prinz, wanda ya tsere daga Jamus ta Hitila, ya yi jawabi a babban gangamin Washington na 1963, Abraham Joshua Heschel kuma ya yi tattaki kafaɗa da kafaɗa da Martin Luther King a Selma a 1965. Amma a cikin majami'un, ibada ta koma abin kallo. Malami da mai rera addu'a suna kan dandamali, jama'a suna zaune jere suna jira a ce su tashi ko su zauna. A manyan ranakun shekara kuwa sai da tikiti ake shiga. 'Ya'yan da suka tashi a wannan yanayi su ne suka kafa havura.

Gidan Somerville

A 1968 Rabbi Arthur Green da wasu matasa suka kafa Havurat Shalom a yankin Boston, ba da jimawa ba ta samu mazauni a wani gida na zama a Somerville. A farko makarantar horar da malamai aka nufa da ita, a lokacin da ake kwasar samari zuwa yaƙin Vietnam. Abin da ya sa ta yi suna shi ne yadda suke ibada. Babu dandamali, babu jerin kujeru. A ƙasa suke zama kan matasai, a da'ira, kowa yana ganin fuskar kowa. Wanda ya ja addu'a wannan Asabar, mako mai zuwa wani ne zai ja. Bayan karatun Attaura ba wa'azi ake yi ba, tattaunawa ake buɗewa. In an gama, a ci abincin da kowa ya dafo daga gidansa. New York ta samu tata havura a 1969, Washington ta samu Fabrangen a 1971.

Littafin The Jewish Catalog, wanda Richard Siegel da Michael Strassfeld da Sharon Strassfeld suka fitar a 1973, shi ya kai wannan salo gidajen da ba su taɓa jin labarin Somerville ba. Ya koyar da yadda ake kwaɓa burodin Asabar a kitsa shi, da yadda ake ƙulla zaren mayafin addu'a, da yadda ake kafa bukkar idi da hannu. A Kalifoniya kuma Rabbi Harold Schulweis ya ɗauki dabarar ya shigar da ita cikin babbar majami'arsa, Valley Beth Shalom, inda ya rarraba jama'a rukuni-rukuni na iyalai kamar goma, su riƙa yin idi tare, su kuma kula da juna in rashin lafiya ko rasuwa ta zo.

Teburin Idin Ƙetarewa

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai ga cewa sauyin ya fi faruwa a wurin cin abincin idi, kafin majalisun malamai su biyo baya da hukunci. Dalilin a fili yake. Daren Idin Ƙetarewa, wanda suke kira seder, a gida ake yin sa, kuma mai gida ko uwargida ke da ikon gayyato wanda suka ga dama. A kan teburi akwai gurasa marar yisti, don tuna gaggawar da Bani Isra'ila suka fita Masar da ita. Akwai ganye mai ɗaci don tuna ɗacin bauta. Akwai ruwan gishiri da ake tsoma ɗanyen ganye a ciki, a madadin hawaye. Ƙaramin yaro a wurin shi ke yin tambayoyi huɗu, manya su amsa masa da labarin Annabi Musa da Fir'auna. Tun farkon daren ana furta gayyata ga duk mai jin yunwa, can gaba kuma a tashi a buɗe ƙofar gida. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kashi 62 cikin 100 na Yahudawan Amurka sun halarci seder a shekarar da ta gabata, alhali kashi 12 ne kawai ke zuwa majami'a kowane mako.

A watan Afrilu na 1968 aka kashe Martin Luther King, tarzoma ta ɓarke a Washington, aka jibge sojoji a tituna. Mako guda bayan haka idi ya zo. Arthur Waskow, wani mai fafutuka da a lokacin bai damu da addini sosai ba, ya ga motar soja da bindiga a unguwarsu yana hanyar gida don yin seder, sai abin ya haɗu masa da labarin rundunar Fir'auna. Ya zauna ya rubuta sabon littafin da ake karantawa a daren seder, ya saƙa labarin fitowa daga Masar da na bayin Amurka da gwagwarmayar jikokinsu. Ranar 4 ga Afrilu, 1969, shekara guda cif da kisan King, mutum kusan 800, Yahudawa da Kiristoci, farare da baƙaƙe, suka yi wannan seder a ɗakin ƙasa na Lincoln Temple, cocin baƙar fata a Washington. Wasu malamai sun yi tir da shi, suka ce an mai da ibada siyasa. Amma abin da Waskow ya yi yana da tushe a cikin al'adar kanta, domin daren ya ɗora wa kowane mutum ya ɗauki kansa kamar shi ne aka 'yanto daga Masar. Daga wannan shekara aka yi ta rubuta irinsa, don ma'aikata, don 'yan gudun hijira, don Yahudawan Tarayyar Sobiyet da aka hana fita.

Mata ma ta nan suka bi. Havurat Shalom kanta da maza ta fara, abin da ya nuna zama a da'ira kaɗai bai isa ya kawo adalci ba. A 1971 wasu mata na havurar New York, cikinsu har da masaniyar tarihi Paula Hyman, suka kafa ƙungiyar Ezrat Nashim. A 1972 suka je taron malaman ɓangaren masu tsaka-tsakin ra'ayi da ake kira Conservative ba tare da gayyata ba, suka miƙa buƙatunsu: a lissafa su cikin goma, a kira su ga Attaura, a horar da su malanta. A wannan shekara ɓangaren Reform ya naɗa Sally Priesand rabbi. A 1973 kwamitin shari'a na Conservative ya yarda a lissafa mata, sai dai naɗin malama ta farko a wajensu, Amy Eilberg, ya jira har 1985. A tsakani, marubuciya E. M. Broner ta fara jagorantar seder na mata a New York a 1976, inda ake ambaton Maryamu 'yar'uwar Musa da ungozomomin da suka ƙi bin umarnin Fir'auna na kashe jarirai maza.

Sauran idodi ma sun samu irin wannan karatu. A Idin Bukkoki iyali na kwana bakwai suna cin abinci a bukka mai rufin rassa, wadda iska da ruwa ke ratsawa, don haka jama'o'i da yawa suka ɗaura shi da halin marasa gida. A Ranar Kaffara, ana tsakiyar azumin awa 25, ana karanta babi na 58 na littafin Ishaya, wanda ke tsawata wa mai azumin da ke zaluntar ma'aikatansa yana barin mayunwaci. Majami'u da dama suna raba jakunkuna a Sabuwar Shekara, a dawo da su cike da abinci ranar azumin. A 1985 Leonard Fein ya kafa ƙungiyar Mazon, ya roƙi duk mai biki ya ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin walimarsa don masu yunwa.

Iyakar ƙofa

Faɗaɗawar ba ta tsaya kan mata ba. A shari'ar gargajiya ta uwa ake gadon Yahudanci, amma a 1983 malaman Reform suka amince da ɗan da ubansa ne kaɗai Bayahude, in an rene shi cikin addinin. Wannan hukunci yana da nauyi, domin binciken Pew ya nuna kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka yi aure daga 2010 zuwa 2020 ba Bayahude suka aura ba. A 1972 aka kafa Beth Chayim Chadashim a Los Angeles don masu neman jinsi ɗaya, Reform ta karɓe ta cikin ƙungiyarta a 1974. A 2009 aka naɗa Alysa Stanton, baƙar fata mace ta farko da ta zama rabbi a Amurka. Ɓangaren masu riƙo da gargajiya, wato Orthodox, bai yarda da mafi yawan waɗannan matakai ba. Hujjarsa ita ce shari'a wahayi ce, ba a sauya ta don zamani, kuma hukuncin 1983 ya haifar da mutanen da wani ɓangare ke ɗauka Yahudawa wani ba ya ɗauka. Wannan rabuwa gaskiya ce, tana nan har yau, kuma 'ya'yan da abin ya shafa su ne ke shan wahalarta in an zo aure.

Havura ma tana da nata rauni. Jama'ar da ƙarfinta shi ne kowa ya san kowa ba ta iya ɗaukar mutum dubu, kuma wasu na farkon sun riƙa tantance wanda za su karɓa. Da 'ya'ya suka zo aka buƙaci makaranta, da tsufa ya zo aka buƙaci mai zuwa asibiti da mai binne gawa. Saboda haka jama'o'in da suka biyo baya, kamar Kehilat Hadar a New York a 2001 da Ikar da Rabbi Sharon Brous ta kafa a Los Angeles a 2004, suka nemi haɗa zumuncin havura da tsari mai ɗorewa.

Buɗe ƙofa ya jawo wa majami'u haɗari na zahiri. Ranar Asabar, 27 ga Oktoba, 2018, wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a ginin Tree of Life da ke Pittsburgh, inda jama'o'i uku ke ibada. Ɗaya daga cikinsu, Dor Hadash, ta shiga Asabar ta musamman da ƙungiyar HIAS mai taimakon 'yan gudun hijira ta shirya mako guda kafin nan, kuma maharin ya ambaci HIAS a rubuce-rubucensa. Musulmin Amurka sun tara wa iyalan fiye da dala 200,000 cikin 'yan kwanaki. Tun daga lokacin majami'u da yawa suka ɗauki masu gadi, suna kulle ƙofa in an fara ibada.

Batun da ya fi kowanne raba kan waɗannan jama'o'i shi ne na Isra'ila da Falasɗinu, kuma ba sabo ba ne. Fabrangen ta rasa tallafin da ta fara samu saboda ra'ayin wasu mutanenta kan Falasɗinawa. Ƙungiyar Breira, wadda 'yan havura da dama suka shiga a 1973, ta nemi a amince da 'yancin Falasɗinawa na samun ƙasa, aka yi mata ca har ta rushe a 1977. A 2015 Rabbi Brant Rosen ya kafa Tzedek Chicago, wadda a 2022 ta bayyana kanta mai adawa da aƙidar Sahyoniyanci, matsayin da mafi yawan majami'un ƙasar, har da masu sassaucin ra'ayi, ba su bi ba. A Idin Ƙetarewa na Afrilu 2024, ana cikin yaƙin Gaza, iyalai da majami'u da yawa sun bar kujera babu kowa don mutanen da Hamas ta yi garkuwa da su ranar 7 ga Oktoba, 2023, yayin da wasu ɗalibai Yahudawa suka yi nasu seder a sansanonin zanga-zangar neman tsagaita wuta a jami'o'i irin su Columbia da Yale.