Daga Fam 25 Zuwa Cibiyar Bincike: Tarihin Yaƙi Da Ciwon Dajin Yara A Asibitin Mulago

Asibitin koyarwa aiki uku ne a wuyansa. Yana jinyar marasa lafiya, yana horad da likitocin gobe, yana kuma binciken cututtuka. Na farko da na biyu gwamnati ta kan ɗauki nauyinsu, ko da da ƙyar ne. Na ukun kuwa, a ƙasashen Afirka da dama, kuɗinsa daga ƙetare ya kan zo, kuma da wa'adinsa ya kan zo. Wanda ke son ya ga amfanin irin wannan kuɗi, ya kuma ga iyakarsa, sai ya dubi tarihin asibitin Mulago da ke Kampala a ƙasar Yuganda, watau asibitin da ɗaliban likitanci na Makerere su ke koyon aiki.

A shekarar 1957 aka nuna wa wani likitan fiɗa na wannan asibiti, Denis Burkitt, mutumin Ailan, wani yaro wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, haƙoransa suna girgiɗa. Ba a daɗe ba sai ya ci karo da wani yaron mai irin wannan kumburi a garin Jinja. Da ya koma ya tona tsofaffin takardun asibiti, sai ya tarar abin ya daɗe yana aukuwa. Ƙari ne mai saurin girma, yana kama yara a muƙamuƙi ko a ciki, kuma cikin 'yan watanni ya kan kai su kushewa. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Ingila, amma kusan ba wanda ya kula. Daga baya bincike ya nuna ciwon daji ne na ƙwayoyin da ke cikin kaluluwa, aka kuma raɗa masa sunan Burkitt.

Gudummawar farko da aka ba shi domin wannan aiki fam 25 ce tak. Da ita ya buga takardu kimanin 1,000 masu ɗauke da hoton yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka, yana tambayarsu ko sun taɓa ganin irin wannan ciwo. Duk inda aka amsa masa da i, sai ya kafa alama a jikin taswira. Sannu a hankali alamun suka yi wa Afirka ɗamara a tsakiya, daga yamma zuwa gabas, da jela wadda ta gangara kudu ta bakin tekun gabas.

To, amma zomo ba ya kamuwa daga zaune. A watan Oktoba na 1961 Burkitt da abokansa likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka nausa kudu domin su gano inda ciwon ya tsaya. Sun yi mako 10 suna tafiya, suka ci mil kusan 10,000, suka ziyarci asibitoci fiye da 50. Majalisar binciken lafiya ta Ingila ta taimaka da fam 250, kuma duk abin da tafiyar ta ci bai kai fam 1,000 ba. Abin da suka gano shi ne, tudu da sanyi su ne iyakar ciwon: a tsakiyar Afirka ba safai a ke ganinsa a wurin da ya haura ƙafa 5,000 ba. Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma kuma, sai ya ga ruwan sama ma yana da hannu, domin ciwon ya yawaita a kurmin kudancin Nijeriya, alhali kuwa ya yi ƙaranci a ƙasar Kano. Wuri mai zafi da laima kuwa, ai gidan sauro ke nan.

Tun kafin wannan tafiya, a watan Maris na 1961, Burkitt ya yi lacca a asibitin koyarwa na Middlesex a Landan. Cikin masu saurarensa akwai wani masani, Anthony Epstein, wanda nan take ya zargi wata ƙwayar cuta. Aka shirya a riƙa aika masa da tsokar ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Ya shekara fiye da biyu yana nema bai ga kome ba. Da cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka ta ba shi kuɗi, sai ya ɗauki mataimaka biyu, Yvonne Barr da Bert Achong. A watan Disamba na 1963 hazo ya hana wani jirgi sauka a Landan, aka karkata shi zuwa Manchester, saƙon ya makara. Da aka buɗe kwalbar, sai aka tarar jijjigar hanya ta sa ƙwayoyin ƙarin sun warwatse cikin ruwan, suna nan da ransu. Waɗannan ne suka yarda suka hayayyafa a ɗakin bincike, kuma a cikinsu aka ga ƙwayar cutar da a ke kira Epstein-Barr a 1964. Ita ce ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Sai dai an gano daga baya cewa fiye da mutum 9 cikin 10 na manyan duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya ba tare da ta cuce su ba. Abin da ke ba ta ƙofa a jikin yaron Afirka shi ne zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, wanda ke raunana garkuwar jiki. Ta haka taswirar fam 25 ta sami fassararta.

Ta fuskar magani kuwa, a wancan zamani Mulago ba ta da na'urar gasa ƙari da haske. Saboda haka Burkitt ya roƙi magunguna kyauta daga masu yinsu, aka ba shi methotrexate, sa'an nan cyclophosphamide. Abin mamaki, allura ɗaya ko biyu ta kan sa kumburin ya saɓe cikin 'yan kwanaki. A asibitin koyarwa na Badun ma, wani likitan fiɗa ɗan Kamaru, Victor Anomah Ngu, yana samun irin wannan nasara. A asibitin Korle Bu da ke Ankara, babban birnin Gana, an kafa shirin binciken wannan ciwo da kuɗin Amurka, inda Dakta Francis Nkrumah ya yi shekaru yana aiki.

Wannan nasara ce ta jawo babban kuɗi. A 1967 Makerere da cibiyar nan ta Amurka suka buɗe sashen jinyar wannan ciwo a kan tudun Mulago, ƙarƙashin wani matashin likita Ba'amurke, John Ziegler, tare da goyon bayan likitan fiɗa ɗan ƙasa, Sebastian Kyalwazi. A 1969 aka ƙara sashe na biyu, su biyun suka zama Cibiyar Ciwon Daji ta Yuganda. Kuɗin ya sayi magani, amma mafi muhimmanci shi ne ya sayi mota da mai. Iyaye da yawa da zarar sun ga kumburi ya saɓe sai su ɗauki ɗansu su koma gona, ba a sake jin ɗuriyarsu. Sai aka ɗauki ma'aikata masu jin harsunan ƙasar, suna bin yara ƙauye ƙauye, suna dubawa ko ciwon ya dawo. Da wannan bin sawu ne aka iya rarrabe sauƙi na ɗan lokaci da warkewa ta gaskiya. A 1972 aka ba Burkitt da Ziegler da Ngu, tare da waɗansu masana, lambar girma ta Lasker a Amurka.

A wannan shekara ta 1972 ce kuma al'amura suka dagule. Idi Amin, wanda ya ƙwaci mulki a 1971, ya kori Indiyawa daga ƙasar, masana na ƙetare suka fara tattara nasu ya nasu, Amurkawan cibiyar ma suka tafi. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Aka danƙa cibiyar a hannun wani matashin likita ɗan Yuganda, Charles Olweny, wanda ya koyi aikin a nan cikinta. Ya riƙe ta kimanin shekara 10, cikin ƙarancin magani da tsoron soja, yana lallashin gwamnati ta ɗauki nauyin da baƙi suka sauke. Bai bari an daina rubuta tarihin majiyyata ba. Saboda haka a 1979, shekarar da Amin ya faɗi, aka iya buga sakamakon bin sawun majiyyata 157 na tsawon shekara 10, wanda ya nuna kimanin rabinsu sun rayu.

Shekarun yaƙin basasa da na cutar ƙanjamau sun bar cibiyar cikin wahala ƙwarai. Sai a 2004 aka ƙulla sabuwar hulɗa da cibiyar Fred Hutchinson ta birnin Seattle a Amurka, wadda ta sa horad da likitoci 'yan ƙasa a gaba, har aka buɗe sabon ginin bincike da jinya a 2015. Duk da haka, a 2016 na'urar gasa ƙari guda ɗaya tilo da ƙasar ke da ita, wadda aka kafa a 1995, ta lalace, aka riƙa tura majiyyata Nairobi, sai a 2018 aka ƙaddamad da sabuwa. Kuɗin bincike ba ya gyara abin da ba a rubuta cikin takardar yarjejeniya ba.

A ƙasashe masu arziki, yara kusan 9 cikin 10 da ciwon Burkitt ya kama suna warkewa, da magungunan da aka fara gwadawa kan wannan ciwo a jikin yaran Afirka. A asibitocin Afirka da yawa kuwa har yanzu ba a wuce rabi ba, domin a kan kawo yaro a makare, ko magani ya yanke, ko kuɗin mota ya gagari iyaye. Mulago ta tsira da cibiyarta ne saboda kafin baƙi su tafi an riga an horad da wanda zai karɓa, an kuma bar masa takardun majiyyata. Duk asibitin koyarwar da aka zo wa da kuɗin bincike, ya kamata tun ranar sa hannu ya tambayi wa za a horar, kuma wa zai sayi magani ranar da wa'adi ya cika.