Hanyar A83 ta Sikotlan da Aikin Kare Ta Daga Zaftarewar Ƙasa

A83 babbar hanyar mota ce a yammacin Sikotlan, cikin ƙasar Birtaniya. Ta taso daga ƙauyen Tarbet da ke gaɓar tafkin Lomond, ta ratsa yankin Argyll ta garin Inveraray, ta ƙare a Campbeltown, tafiyar kimanin kilomita 158. Sashenta da ya fi yin suna shi ne mashigin tsaunuka da ake kira Rest and Be Thankful, a ƙarshen kwarin Glen Croe, inda hanyar ta hau kimanin mita 245 sama da teku. A nan ne zaftarewar ƙasa ta daɗe tana datse ta, har wurin ya zama abin nazari ga injiniyoyin hanyoyin kan tsauni.

Sojojin Birtaniya ne suka fara shimfiɗa hanya a wannan kwari cikin shekarun 1740, ƙarƙashin Manjo William Caulfeild, a zamanin da gwamnati ke buƙatar kai dakaru cikin tsaunuka saboda boren magoya bayan gidan sarautar Stuart. Sunan mashigin ya samo asali ne daga rubutun da suka sassaƙa a jikin wani dutse a saman hawan. Tsohuwar hanyar ta bi ƙasan kwari, sai a ƙarshensa ta haura da lanƙwasa masu tsanani. Da motoci suka yawaita, aka yanka sabuwar hanya a ƙarshen shekarun 1930 a jikin gangaren tsaunin Beinn Luibhean, sama da tsohuwar. Hawan ya yi sauƙi ga manyan motoci, amma kuma sabuwar hanyar ta gitta duk wani kwazazzabo da ruwa ke bi daga saman tsaunin, wanda tsayinsa ya kai mita 858.

Tushen matsalar yana cikin yanayin gangaren kansa. Ƙasar da ke kansa tarkace ne na yumɓu da tsakuwa da manyan duwatsu da ƙanƙarar zamanin da ta bari a kan fa, kuma ba ta kama jikin dutsen sosai ba. A wurare da dama karkatar gangaren ta wuce digiri 30. Yankin yana cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a Birtaniya, ga shi kuma kiwon tumaki da yawan bareyi sun hana itatuwa tasowa tsawon ƙarnuka. Idan aka jera kwanaki ana ruwa har ƙasa ta ƙoshi, sannan aka yi mamako a kai, ruwan da ke cikinta yakan raba ta da dutsen da ke ƙarƙashi. Daga nan sai ta sulale ta faɗa kwazazzabo, ta zama kwararar laka da duwatsu mai tsananin gudu, tana ƙara kwasar kaya har ta iso kan kwalta.

Daga watan Oktoban 2007, lokacin da wata zaftarewa ta rufe hanyar na kwanaki, abin ya riƙa maimaituwa a kai a kai. An samu manya a 2014 da 2018. Mafi muni ita ce ta ranar 4 ga Agustan 2020, wadda ta sauko da kimanin tan 6,000 na laka da duwatsu, wata kuma ta biyo bayanta a watan Satumba, jim kaɗan da sake buɗe hanyar. A Oktoban 2023, bayan ruwa mai yawan gaske a Argyll, sai da aka yi amfani da jirgi mai saukar ungulu wajen kwaso mutum 10 da zaftarewa ta rutsa da su a kan A83 da wata hanya da ke kusa da ita.

Matakan da hukumar sufuri ta Transport Scotland ta fara ɗauka duk na tarewa ne. Wani nazari da aka kammala a 2013 ya auna zaɓi da dama, ciki har da haƙa hanya ta cikin dutse da gina rumfa a kan titi, amma aka tsaya kan mafi arha. Aka kakkafa ragogin ƙarfe a bakin kwazazzabai, aka gyara magudanun ruwa da kwalbatoci, daga baya aka haƙa manyan ramuka a jikin dutsen daura da hanya domin su karɓe abin da ya gangaro. A 2013 ɗin ne kuma aka gyara tsohuwar hanyar sojoji ta zama madadi, inda motoci ke wucewa a jere bayan motar jagora, ɓangare ɗaya na jiran ɗaya, saboda ƙanƙantarta. Bayan ɓarnar 2020 aka ƙara mata katangar kariya mai tsawon kimanin mita 175 da tsayin mita 6. Akwai kuma na'urorin auna ruwan sama da na lura da motsin ƙasa, waɗanda da su ake yanke shawarar rufe hanya kafin haɗari ya auku, da shirin dasa itatuwan gida a gangaren, wanda amfaninsa sai bayan shekaru masu yawa zai bayyana.

Waɗannan ayyuka sun tare tan dubbai na tarkace, ba a musun haka. Iyakarsu ita ce, raga da rami suna da abin da za su iya ɗauka, kuma dole a kwashe su bayan kowace zaftarewa, alhali ƙasar da ta rage a saman tsaunin ta ninka abin da ya sauko nesa ba kusa ba. Saboda haka a Satumban 2020 aka gabatar wa jama'a zaɓi 11 na inda hanya mai ɗorewa za ta bi. A Maris na 2021 aka tsaya kan Glen Croe ɗin dai, aka ci gaba da auna tsari 5 a cikinsa: akwai na doguwar gada a kwari, da na hanya ta cikin dutse, da na mayar da titin ɗaya gefen kwarin. A Yunin 2023 gwamnatin Sikotlan ta sanar da cewa ta zaɓi rumfar kariya, wato irin maganin da aka jingine shekara 10 baya saboda tsada.

Rumfar gini ce ta kankare da ƙarfe, mai tsawon kimanin kilomita 1.4, da za a ɗora a kan layin hanyar ta yanzu. Gefenta na wajen tsauni katanga ce rufaffiya, gefen kwari kuwa ginshiƙai ne da ke barin haske da iska su shiga. Tsakaninta da gangaren za a yi dogon rami mai karɓar laka da duwatsu, da magudanai da za su ratsa da ruwa ta ƙarƙashin titi, kamar yadda indararo ke fitar da ruwan soro ba tare da ya ci katanga ba. An tsara rufin yadda motocin kwasa za su hau kansa su yashe ramin ba tare da an tsayar da matafiya ba. Hikimar tsarin ita ce bai dogara ga hana tsaunin motsi ba. Ya raba motoci ne da inda tarkacen ke sauka. A 2023 an ƙiyasta kuɗin aikin tsakanin fam miliyan 405 da miliyan 470.

Irin wannan gini ba baƙo ba ne a ƙasashe masu tsaunuka. Akwai shi da yawa a hanyoyin tsaunukan Alps na Suwizalan da Ostiriya, da Norwe, da Japan. A Kanada an gina rumfunan katako a mashigin Rogers tun shekarun 1880 domin kare layin dogo daga gangarowar dusar ƙanƙara, aka kuma yi na kankare ga babbar hanyar motar da aka buɗe a can a 1962.

Muhimmancin A83 ya wuce yawan motocin da ke binta, kimanin miliyan 1.3 a shekara. Ita ce babbar hanyar da ta haɗa mafi yawan Argyll da birnin Gilasgo. Ta kanta katako da kifi da 'yan yawon buɗe ido da marasa lafiya ke bi, haka nan masu zuwa tashar Kennacraig domin shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Islay. Idan ita da tsohuwar hanyar suka rufe a lokaci guda, zagayen ta Crianlarich da Dalmally yakan kai kusan kilomita 95. A watan Disambar 2024 Transport Scotland ta wallafa daftarin umarnin doka na gina rumfar, tare da rahoton tasirinta ga muhalli, domin jama'a su gabatar da ra'ayi ko ƙorafi.