Sarkin Musulmi Bello da Takardun 'Yandoto



Mu mutanen Ketare, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ba mu da nisa da 'Yandoto ta ƙasar Tsafe. Da yawanmu mun sha wucewa ta wajen a hanyar Gusau, ko waiwaye ba mu yi. Alhali kafin jihadi garin malamai ne a ƙarƙashin Katsina, almajirai na yo tattaki daga nesa don karatu. Ta nan ne tarihin Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya ratso ƙofar gidanmu.

An haifi Bello a 1781, yana ɗan shekara 22 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Shehu ne ya yi kira, amma aikin mayar da jama'a daula ya fi faɗawa wuyan Bello. Shi ya jagoranci cin Alkalawa a 1808, ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya yi shekara 20 yana mulki har Allah Ya karɓi abinsa a Wurno a 1837. Amurkawa na tinƙaho da Thomas Jefferson, wai ya haɗa mulki da alƙalami. To, shekarar da Jefferson ya sauka daga shugabanci, ita ce shekarar da Bello ke ginin Sakkwato, kuma shi ma bai ajiye alƙalami ba.

Dubi Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Ba wa'azin tsoron Allah kaɗai ke ciki ba. Ya nuna cewa haƙƙin sarki ne ya kula da manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta da masu magani, ya ga kowane gari ya sami masu sana'arsa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukanmu da damina ya san takardar nan ba ta tsufa ba.

Amma inda muke so mu daɗe shi ne Infaƙul Maisuri na 1812, littafin da har gobe masu tarihin jihadi ke ɗiba daga gare shi. Wajen 1806 Bello ya sauka kusa da 'Yandoto. A yadda ya ba da labari, ya aika wa malaman garin su fito a zauna a yi muƙabala, suka ƙi, sai aka ci garin. Daga baya Shehu Aminu Elkanemi na Borno ya rubuto wasiƙu masu zafi, yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla, har ya zargi mayaƙan jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya amsa cewa shi da kansa ya taɓa ganin iska na kwasar takardu a wani gari da suka ci, ya bi yana tsincewa har ya gaji, ya kuma tsawata wa jama'arsa. Masana tarihi na danganta wannan labari da 'Yandoto.

Abin lura, Bello ne ya kwafe zargin Elkanemi ya sa a littafinsa, sannan ya biyo da amsa. Da ya ga dama ya binne shi, wa zai hana? Mu da ke goge sharhin wanda ya kushe labarinmu a Facebook, sai mu sunkuyar da kai.

Duk da haka, ba za mu ɓoye abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya ba. Labarin 'Yandoto daga bakin wanda ya ci garin muke jin sa. Malaman da suka ƙi fitowa, lalle suna da tasu hujjar, amma muryarsu ba ta iso mu da ƙarfi irin tasa ba. Bello ya yi adalcin kawo maganar abokin gardama mai sarauta da wasiƙa. Malamin da aka ci garinsa kuwa, iska ta tafi da takardunsa.

Yau ma garuruwa na tashi a yankinmu. Tun bayan ɗaukar ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 duniya ta san sunanmu, amma yawanci baƙi ke rubuta mu, su zo da safe su koma da la'asar. Tsohon da ya san wa ya sari ƙauyensu yana gudun hijira a Funtuwa, gafakar kakansa tana can cikin ɗakin da damina ke rusawa.

Don haka, duk wanda gidansu ke da tsohon kundi, na Larabci ko na ajami, ya nemi izinin manya ya ɗauki hoton shafukan ya ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu. A cikinmu akwai masu iya karantawa.