Bukkar da Ke Kan Dutsen Haldde

Da zarar hunturu ya kama, za ka ga hotunan sun fara yawo a WhatsApp: ɗan ɗakin katako mai rufin gilashi, dusar ƙanƙara ta kewaye shi, sama kuma ta yi kore shar. Sai wani a gida ya ce, "Mu ma a kai mu mu ga hasken arewan nan mana." Masu ba da haya kuwa sun san lagonmu, iya nisan ɗaki daga gari, iya tsadarsa. Kafin ka tura kuɗin da ka tara da aikin dare, bari in ba ka labarin wata bukka da aka gina tun 1899 domin wannan kallo.

Tana arewacin Norway, kusa da garin Alta, a kan dutsen Haldde mai tsayin kusan mita 900. Wani masanin kimiyya, Kristian Birkeland, shi ya sa aka gina ta da duwatsu. A lokacin ana ta gardama kan nisan hasken daga ƙasa, har wasu na cewa yakan sauko ya taɓa kan tsaunuka. To, sai a hau tsauni a gani.

A yunƙurinsa na farko, tun kafin ginin, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su a hanya. Cikin tawagar akwai wani saurayi mai karatun likita, Bjørn Helland-Hansen. Sanyi ya cinye masa yatsu har sai da aka yanke wani sashe nasu, shi ke nan likitanci ya kuɓuce masa, ya koma binciken teku, inda ya yi suna daga baya. Wannan wurin yakan tsaya mini a rai, ƙila don aikina na nas. Ciwon sanyi macuci ne: yatsa zai yi zugi, sannan ya daina, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali lokacin ne naman ya fara mutuwa. Fata ta yi tauri, ta kwaɗe, kuma a jikin baƙar fata irin tamu ba a saurin gane canjin launin. In ya faru kada a murza wurin, kada a kanga shi a wuta, ruwa mai ɗumi ake sa shi.

Birkeland bai haƙura ba. Shi da mataimakansa suka kwashe hunturun 1899 zuwa 1900 a kan dutsen, a yankin da rana ke ɓacewa makonni ba ta leƙo ba, kuma ɗayansu ya rasu da ƙanƙara ta zaftaro masa. Abin da Birkeland ya tsaya a kai shi ne, wasu ƙwayoyi masu lantarki ne ke tasowa daga rana, maganaɗisun duniya ya ja su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, su bugi iskar sama ta yi haske. Manyan masanan Ingila suka yi watsi da maganar. Ya mutu a Tokyo a 1917, sai bayan kusan shekara hamsin tauraron ɗan Adam ya gaskata shi.

Daga 1912 zuwa 1926 har iyalai sun zauna can sama, da mata da yara. Daga baya aikin ya koma Tromsø, a 1944 kuma sojojin Jamus suka ƙona wurin suna ja da baya. Bangon dutse ya tsira, aka gyara shi.

Amsar tambayar farko fa? Wani ɗan ƙasarsu, Carl Størmer, ya auna da hotuna: hasken yana can kusan kilomita 100 sama. Ka ga kenan hawa mita 900 bai kusantar da kowa ba. Abin da idonka ke bukata duhu ne da sararin da babu gajimare, su kuma ana samunsu 'yan kilomitoci kaɗan bayan fitilun gari. Ni dai in zan kama ɗaki, tambayoyina ga mai shi ba su da kyan hoto: ana share titin kuwa? Waya na kamawa? Mene ne abin ɗumama ɗaki in wuta ta ɗauke? Asibiti minti nawa ne? Kuma kwana uku ko huɗu nake kamawa, don gajimare na iya cinye dare biyu cur.

Haldde kuwa tana nan. Daga ƙauyen Kåfjord ake hawa, tafiyar ƙasa ce ta kusan kilomita tara. Da yara a cikin Janairu, ban ba ka shawara ba.