Kalmar mako: "sakakke" da "a sake"

Jama'a masu saurarenmu, da 'yan uwa na ƙetare masu bibiyar shafinmu, kalmar da muka ɗauko yau ita ce "sakakke". Mace sakakkiya, jam'i sakakku. Asalinta daga "saki" ne: abin da a da yake ɗaure ko riƙe, aka kwance shi. In muka ce rago yana "a sake", to ba turke ba igiya. Tsakanin turke da saki akwai talala, wato a ɗaure dabba da doguwar igiya, ta yi kiwo amma ba ta wuce iyaka ba.

Masu rubuto mana saƙo a WhatsApp, a kula da ƙugiya: "saƙaƙƙe" na masaƙa ne, daga saƙa. Haka "ya yi sake" nufinsa sakaci. Matar da aurenta ya mutu ma akan ce mata sakakkiya, kodayake bazawara ta fi daɗin ji.

Inda kalmar ta fi nauyi gare mu nan Ɗan Gulbi, wajen bisashe ne. Wasu na ɗauka dabba sakakkiya ba ta da mai ita. Sam, ba haka ba ne. Wanda ya sake ta shi ke da ita, kuma shi ke biyan ɓannar da ta yi. Ƙasar Dakoro kuwa mahaɗar noma da kiwo ce. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, a 2010 kuma aka fito da dokar kiwo. Bayan kaka garke kan gangaro kudu, su tarar wani ya kwashe hatsi amma wakensa na gona.

Shi ya sa ake da "sakin gonaki". Hukuma ce ke tsaida ranar, bayan shawara da sarakuna da wakilan manoma da makiyaya. Kafin ranar, saniya a sake cikin gona ɓanna ce, sai ta bi burtali. Bayan ranar, karan da aka bari na kiwon kowa ne, manomin da ya yi jinkirin kwashe amfaninsa ba shi da bakin ƙara. In an yi ɓanna, a fara da mai gari da hukumar filaye ta COFO, a kimanta, a sasanta.

'Yan uwa da ke Kano, Abijan ko Agadas masu tumaki a gida: ku bugo ku tambayi wanda ke riƙe muku su, a turke suke ko a sake.