Samamen Paris na 1942 da Shari'ar da Ba a Yi Ba

Da asubahin ranar 16 ga watan Yuli na 1942, lokacin da sojojin Hitila suke mamaye da arewacin Faransa, aka shiga ƙwanƙwasa ƙofofin Yahudawa a birnin Paris. Masu ƙwanƙwasawar kuwa ba Jamusawa ba ne, 'yan sandan Faransa ne, sanye da kayan sarki, riƙe da takardun sunaye. Cikin 'yan kwanaki suka kama mutum 13,152, har da yara 4,115. Aka cusa masu iyali, watau mutum fiye da 8,000, a wani zauren tseren keke mai suna Vélodrome d'Hiver, suka yi kwana biyar cikin tsananin zafi, ba ruwan kirki, ba abinci. Daga nan sai sansani, daga sansani sai jirgin ƙasa zuwa Auschwitz. Kaɗan ƙwarai suka komo.

Wanda ya ƙulla wannan aiki da manyan jami'an SS shi ne René Bousquet, shugaban 'yan sandan gwamnatin Vichy. Hujjarsa wai idan Faransawa suka yi kamen da kansu, ragamar 'yan sanda za ta zauna a hannun Faransa. Su kuwa Jamusawa da ma ba su da isassun mutane, sai abin nema ya samu. Yara ma da farko ba su nema ba, firayim minista Pierre Laval ne ya ce a haɗa da su.

Bayan yaƙi aka harbe Laval a 1945. To, Bousquet fa? A 1949 kotu ta tauye masa haƙƙinsa na ɗan ƙasa na shekara biyar, nan take kuma ta ɗage hukuncin, wai ya taimaki masu gwagwarmaya da Jamusawa. Batun Yahudawa da ƙyar aka taɓo shi. Ya zama ƙusa a bankin Indochine, yana cin abinci da manya, har da François Mitterrand.

Lauya Serge Klarsfeld, wanda mahaifinsa ya mutu a Auschwitz, shi ya yi ta tono takardu, har aka tuhumi Bousquet a 1991 da laifin cin zarafin bil Adama. Amma shari'ar ta yi ta jan ƙafa. Ranar 8 ga watan Yuni na 1993 wani mutum ya bindige shi a gidansa, bai taɓa amsa wannan tuhuma gaban alƙali ba. Mataimakinsa Jean Leguay ma tun 1989 ya mutu ba a yi masa shari'a ba.

Sai a 1995, shekara 53 bayan samamen, Shugaba Jacques Chirac ya fito fili ya amsa cewa hukumar Faransa tana da hannu a ciki.